Rumbu a Zariya, Mai Nema a Tsibiri

Duk wanda ya tashi a karkarar Maraɗi ya san cewa rumbu yana da dokokinsa. Ba kowa ke hawansa ba, ba kuma kowane lokaci ake buɗe shi ba. Akwai mai ɗiba, akwai mai awo, akwai kuma wanda iyakarsa ya tsaya a ƙasa ya miƙa ƙwarya. Idan aka wayi gari tukunya ba ta hau murhu ba, mutanen gida sun san inda za su dosa da tambaya: ko hatsin ya ƙare, ko maigida ya yi tafiya bai bar izini ba, ko kuwa tsani ne ya karye. Dalilan ba su da yawa, kuma duk ido yana ganin su. Rumbun da wata ƙungiyar malamai da masu kishin al'adu ta kafa a unguwar Zariya, cikin birnin Maraɗi, ya gaji waɗannan dokoki kusan gaba ɗaya, in ban da abu guda: ranar da ya ƙi buɗuwa, ba a ganin dalili.

Na'ura ce ƴar ƙarama wadda ba ta kai akwatin rediyo ba. Ba ta da allo, ba ta da madannai, sai ƴan fitilu masu ƙiftawa, tana zaune a kan kanta a ɗakin baƙi na ma'ajin ƙungiya. An raɗa mata suna RUMBU, da manyan baƙaƙe, kuma da shi kowace kwamfuta ke kiran ta. A cikinta aka juye kaset-kaset na shekaru masu yawa: tatsuniyoyi, kirarin sarauta, waƙoƙin daka da na niƙa, hirarraki da maƙera da majema, har da kalmomin noman rani da aka tsinto daga bakin manoman Jiratawa. Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, malamin harshen gida a Nijar yake fama da ƙarancin abin karantarwa, shi ya sa da yawansu suka zama masu yawon tsintar magana a ƙofar tsofaffi. Abin da suka tsinto ɗin ne aka tara a nan.

Kafin zuwan na'urar, aikin ƙungiya a aljihu yake yawo. Kowa da ɗan makullin ajiyarsa, wanda ake ce wa kile, ana juyar juna ranar taro. Sai a tarar tatsuniya ɗaya ta haifi kwafi bakwai, kowanne da irin gyaransa, ba wanda ya san wacce ce uwa wacce ce ɗiya. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu aka kuma hana taruwa, wani saurayi da ya yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, tsohon ɗalibin ɗaya daga cikin malaman, ya ba da shawarar a tara komai wuri guda, kowa ya riƙa shiga daga inda yake. Wasu sun so a ɗora kayan a ma'ajiyar manyan kamfanonin waje irin su Google, inda babu ruwan mutum da ƙura ko ɗaukewar wuta. Dattawan ƙungiya suka ƙi. Hujjarsu ita ce yawancin muryoyin nan amana ce: akwai matan da suka yarda aka ɗauki waƙarsu bisa sharaɗin ba za ta shiga kasuwa ba, akwai kuma zancen fada da aka faɗa da murya ƙasa-ƙasa. Ko hujjar ta gamsar ko ba ta gamsar ba, ita ce ta yi rinjaye, kuma wanda ya zaɓi ajiye dukiyarsa a gida ya ɗaukar wa kansa gadi. Saurayin ya kafa na'urar, ya sa mata ƙofar shiga daga nesa da ake kira VPN, ya nuna wa kowa inda zai danna, daga baya aiki ya kai shi Agadas.

Yawancin mutanen yankin nan sun fara jin sunan VPN ne a 2021, sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta rufe Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, matasan Kano da Katsina suka riƙa zagayawa ta bayan gida. Daga nan aka ɗauke shi wani laƙani mai buɗe kowace ƙofa. Alhali kuwa mutanen Nijar sun riga sun ga iyakarsa a farkon wannan shekarar: da aka yanke intanet ɗin wayar salula bayan zaɓen shugaban ƙasa, daga 24 ga Fabrairu har tsawon kwana 10, babu VPN ɗin da ya yi wa mai waya rana. Shi ba ya gina hanya, a kan wadda ke akwai yake tafiya. Aikinsa na asali shi ne ya ɗauki saƙo ya naɗe, ya kulle da sirri, ya ratsa da shi ta tsakiyar kasuwar intanet, ya sauke shi a cikin gidan da aka nufa, ta yadda kwamfutar da ke wani gari za ta zama kamar tana zaune a ɗakin ma'aji a Zariya. Wannan ɗan "kamar" ɗin, a cikinsa duk wahalar take.

Wanda abin ya faɗa wa malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare ta Tsibiri, garin da takardun gwamnati ke rubuta Tibiri. Akwai wata tsohuwa a garin, zabiya ce a zamaninta, wadda wani marigayin ɗan ƙungiya ya ɗauki muryarta a kaset tun shekarun 1990. An rubuta waƙoƙin, amma wurare da dama an bar fili ko an sa alamar tambaya, domin Gobirancin da ke ciki ya girmi masu rubutun. Tsibiri gari ne da Gobirawa suka kafa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke na 1836, kuma bakin tsofaffinsa ya riƙe kalmomi da sunayen da ba su taɓa shiga ƙamus ba. A farkon azumin 2024 jikanyar tsohuwar ta aiko cewa jikin Hajiya ya yi nauyi, amma da hantsi hankalinta yakan dawo tar, har tana neman abokin hira. Ɗanta kuma yana shirin ɗauke ta zuwa Yamai da zarar an yi Salla. Wato abin da ya rage ƴan hantsi ne ƙidayayyu, waɗanda za a iya kunna mata muryar kanta, a tsayar, a tambaye ta abin da take nufi.

Mai karatu zai ce, to me ya hana shi hawa kabu-kabu, tun da tsakanin Tsibiri da Maraɗi bai kai kilomita 15 ba, ya juyo abin da yake so a kile? Babu abin da ya hana, sai dai bai san abin da yake so ba tukuna. Hira da tsohuwa ba ta bin jeri. Tana cikin bayanin wata waƙa sai ta ce ai wannan amshin ta taɓa yin sa a bikin wance, shekarar fara, kuma dole a nemo wancan ɗin nan take kafin zaren ya tsinke. Rumbun gaba ɗaya yake bukata a gabansa, tsohuwar kwamfutarsa kuwa ba ta da cikin ɗaukarsa.

Ya kunna VPN, ƴar alamar ta yi ta juyi ba ta zama kore ba. Ya danna RUMBU duk da haka, allo ya amsa masa da jumlar da duk mai irin wannan aiki ya haddace: "Le chemin réseau n'a pas été trouvé", wato ba a sami hanyar ba. Jumla ce mai tsabta, nahawunta babu aibu, amma ba ta da amfani ga mai nema, domin da ita na'ura ke amsa cututtuka iri-iri. Kamar likitan da duk wanda ya zo masa, mai ciwon ido da mai karaya, zai ce masa "ba ka da lafiya", ya sallame shi.

Sai kuma aka yi rashin sa'a, laifi ya sami wanda za a ɗora wa. Ranar 14 ga Maris wasu manyan wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga ƙunci. Nijar ba ta da teku, ta hannun maƙwabta take kaiwa ga waɗannan wayoyi, saboda haka a kowace majalisa ta shan ruwa zancen ke nan, duk abin da ya ƙi aiki a waya sai a ce teku ne. Malamin ya zauna kwana huɗu yana jiran a ɗinke teku. Hantsi huɗu suka wuce. Abin da ya tashe shi wata malamar firamare ce ta Jiratawa, ƴar ƙungiya, wadda ta kira shi kan wata magana dabam, a cikin hira ta ambata cewa jiya ma ta shiga RUMBU ta ɗauko wa ɗalibanta tatsuniya. In dai Jiratawa na shiga, to na'urar na raye, wuta na gidan ma'aji, teku kuma ba shi da hannu. Cutar tana tsakanin Tsibiri da ƙofar. Wannan ƴar tambaya, "kai ma haka ne a wurinka?", ita ce mafi arha cikin dukan dabarun binciken, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Bayan sallar asham ya kira Agadas.

"Mushe, yaushe rabonka da shiga?"

"Tun kafin a ɗauke wuta, ɗana."

"Daga lokacin zuwa yau, me ya sake a wajenka?"

"Babu abin da ya sake."

Yaron ya yi shiru irin na ladabi, ya bar malaminsa ya sake tunani. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Maraɗi kuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa take samun tata. Ba a ba da umarnin maido ta ba sai a watan Maris na 2024. A cikin waɗannan watanni na wuta ta zo ta koma, ƴan ƙungiya da yawa suka daina leƙa RUMBU. Rayuwa kuwa ba ta tsaya ba. A hankali malamin ya tuno: babban batirin kwamfutarsa ya mutu, sai a jone take aiki, ya sayi sabon akwatin intanet na gida saboda yara, an kuma ce a taron farkon shekara kowa ya sake kalmar sirri. Abubuwa uku ke nan a cikin "babu abin da ya sake".

Saurayin bai yi tsalle ba, daga bakin ƙofa ya fara. Ya tabbatar da cewa kuɗin intanet ɗin da ke cikin akwatin na gama-gari ne, ba irin mai arhar nan ba da ke buɗe WhatsApp da Facebook kaɗai, wanda ya taɓa yaudarar malamar Jiratawa wuni guda tana ganin saƙonni na shiga tana zaton hanya a buɗe take. Sannan ya ce, "Mushe, dubi ƙasan allo, ta hannun dama. Yau wace rana ce a wurinta?" Malamin tarihi ya duba, ya tarar da kwamfutarsa tana zaune a Janairun 2015.

A cikin kowace irin wannan kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, aikinsa kawai ya riƙe agogo idan an kashe ta. In ya ƙare, babban batir kuma ya mutu, duk sa'ad da wuta ta ɗauke sai na'urar ta manta ranar duniya, ta koma wata tsohuwar rana. Ita kuwa ƙofar VPN da takardar shaida ake gaisawa da ita, kuma takardar tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ta RUMBU an yi ta a 2020. Kwamfutar da ke zaton 2015 ake ciki ta duba, ta ga takardar da a lissafinta ba a ma haife ta ba, ta ƙi karɓa. Ba a ga laifinta ba; duk mai gadin kirki haka zai yi. Aka gyara agogo da hannu, alamar ta juya sau biyu, ta zama kore. Malamin ya yi hamdala, ya danna RUMBU, jumlar nan ta Faransanci ta sake fitowa, ko wasali ɗaya bai canja ba.

A nan ne yawancin mutane ke karaya, domin sun ɗauka kore na nufin an iso. Abin da yake nufi shi ne an yi sallama a zaure an amsa. Tsakanin zaure da rumbu akwai sauran tafiya, kuma ita ce mai rikitarwa.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan aka ce mata RUMBU, sai ta je wurin mai riƙe da rajistar gidan ta tambayi lambar mai wannan suna, kuma a gidan ma'aji akwatin intanet ne ke riƙe da rajistar. Saurayin ya ce a bar sunan, a kira na'urar da lambarta kai tsaye, ya karanto ta ɗaya bayan ɗaya: 192.168.1.20. Ya sa malamin ya buɗe baƙar tagar nan ta rubuta umarni, ya aika ƴar sallamar gwaji da ake kira ping, wadda ba ta ɗauke da komai sai "kina nan?". Sau huɗu aka yi sallama, ba a amsa ba. Sai ya ce, "Mushe, yanzu karanto mini lambar da sabon akwatinka ya ba kwamfutarka." Malamin ya fara: 192, 168, 1... Kafin ya ƙarasa, ya ji dariya daga Agadas, sannan ya ji ban haƙuri.

Asalin abin tsoho ne. Lambobin adireshin intanet na tsarin farko ba su wuce biliyan 4.3 ba, kuma tun da wuri aka hango ba za su ishi duniya ba. A 1996 aka tabbatar da keɓe wasu jeri uku don amfanin cikin gida, kowane gida da kowane ofishi ya maimaita su yadda ya ga dama, tun da ba sa fita waje. Mafi shahara shi ne mai farawa da 192.168, kuma masu ƙera akwatunan intanet da yawa da shi suke fito da kayansu daga masana'anta. Gidan ma'aji a Zariya yana kan 192.168.1, sabon akwatin Tsibiri shi ma yana kan 192.168.1. Da aka ce wa kwamfutar ta nemo mai lamba 20, sai ta duba ta ga ai lambar unguwarsu ce, ba ta ga dalilin shiga doguwar hanya ba, ta yi ta neman RUMBU a tsakar gidan malamin, tsakanin wayar uwargida da ta yara. Da ta je tambayar suna ma, akwatin Tsibiri ta tambaya, wanda bai taɓa jin wata RUMBU ba.

Mutumin Maraɗi ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A tsaya a bakin babbar kasuwa a ce wa ɗan kabu-kabu "Zariya", zai kai mutum unguwa cikin ƴan mintoci. A faɗi kalmar nan a tashar Kano, sai a tsinci kai a birnin Zazzau. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa ya ɗauki Zariyar da ta fi kusa da shi. Haka ma in aka aiki yaro gidan liman ba a ce na wace unguwa ba. Gidajen biyu kowanne daidai yake a cikin katangarsa. Sai da aka haɗa su aka ce su zama gida ɗaya sannan aka ga karo. Maganin gaggawa a daren shi ne a kashe akwatin, a raba wa kwamfutar intanet daga wayar malamin, wadda ke ba da wani jerin lambobi dabam. Aka sake sallama, aka amsa sau huɗu.

Ƙofa ta gaba ba ta ci lokaci ba. RUMBU ta ce ba ta yarda da shi ba, domin kwamfutar ta riƙe tsohuwar kalmar sirri tana miƙa ta a madadinsa ba tare da ta tambaye shi ba. Aka shiga ma'ajiyar kalmomin sirri ta Windows aka goge tsohuwar, aka rubuta sabuwa. Jakunkuna suka bayyana a jere, kowacce da sunanta. Dare ya riga ya raba, aka yi sai da safe.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a gaban ɗakin tsohuwar, ya gaishe ta, ta tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗa, ta ce ta san kakarsa. Ya buɗe rubutun waƙa, ya buɗu. Ya danna muryar, na'ura ta tsaya cik. Ƙananan takardu suna wucewa, manyan fayilolin sauti suna maƙalewa, ba tare da ko jumlar ƙorafi ba. Hajiya ta jira, ta jira, ta ce, "Ɗan nan, rediyon naka azumi yake yi shi ma?" Hantsi na biyar ya tafi a hira kawai, wadda ita ma ba asara ba ce, amma ba ita aka zo yi ba.

Wannan ita ce cutar da ta fi ɓoyuwa. Saƙo a intanet ba ya tafiya dunƙule, ana yanka shi ƙulli-ƙulli, kuma bisa al'ada ƙulli ɗaya ba ya wuce ma'auni 1500 na abin da ake kira bayit. VPN yana ƙara wa kowane ƙulli nasa mayafi, sai ya yi ƙiba. Hanyar wayar salula kuma wani lokaci ƙofarta ba ta kai faɗin ta waya mai igiya ba. Ƙaramin saƙo ya wuce sumul kamar akuya, cikakken ƙulli kuwa ya tsaya kamar jaki da mangala a ƙofar da aka yi don mutum. A ƙa'ida mai ƙofar yakan aika a ce a rage kaya, amma sau da yawa wannan aiken yana ɓacewa a hanya, sai kowane ɓangare ya zauna yana jiran ɗan'uwansa. Wannan gyaran ba na malami ba ne. Daga Agadas saurayin ya shiga ya rage girman ƙullin zuwa wajen 1400.

Ya kuma ba shi wata shawara da ta fi gyaran amfani. Yaren da Windows ke raba fayiloli da shi, mai suna SMB, an ƙirƙiro shi ne a kamfanin IBM a farkon shekarun 1980 domin kwamfutocin da ke ofishi ɗaya, kuma ya taso da halin maƙwabta: yawan gaisuwa. Kafin ya miƙa abu sai ya tambaya, a amsa, ya sake tambaya, a sake amsawa. Tsakanin ɗaki da ɗaki wannan ba komai ba ne. Amma saƙon da ya tashi daga Tsibiri ta wayar salula ba lalle ya miƙe zuwa Zariya ba. Yakan bi ta manyan na'urorin kamfanin waya tukuna, ko da suna Yamai, fiye da kilomita 600, sannan ya juyo. A ƙaddara mutum biyu suna gaisuwar Hausa cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina labari, amma kowace tambaya sai ɗan aike ya kai ta ya dawo da amsa. An gyara yaren sau da dama tun daga lokacin, an rage surutun, amma halin bai fita duka ba. Saboda haka kada a kunna sauti daga cikin RUMBU. A juyo shi tukuna ya sauka, sannan a kunna. Malamin ya riƙa juyo na gobe tun da sahur, abin da hira ta tono kuma ya sa shi a hanya yana ci gaba da tambaya kafin ya iso.

Hantsi goma sha ɗaya suka samu kafin Salla. Da ta ji muryarta ta shekara talatin baya, tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce yarinyar nan tana gaggawa. Ta cike filaye da yawa, ta ƙi cike wasu, ta ce ba na takarda ba ne, malamin kuma bai matsa ba. Wata kalma da ƴan ƙungiya suka yi shekaru suna gardama a kanta, wasu na cewa aikatau ce ta tsohon Gobiranci, wasu na cewa aro ce daga Buzanci, ashe sunan wata rijiya ce da ta daɗe da cikewa.

A taron bayan Salla wani ɗan ƙungiya, wanda labarin ya gajiyar, ya ce tun da VPN ɗin nan ne ke kawo wahala, a cire shi a buɗe RUMBU kai tsaye, kowa ya huta. Shawara ce mai daɗin ji, kuma ita ce mafi haɗari da aka kawo a ranar. Ƙofar da SMB ke amfani da ita, mai lamba 445, ita ce wadda cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayiloli a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila, tana neman fansa. Akwai na'urorin ɓarayi da ba su da aiki dare da rana sai ƙwanƙwasa wannan ƙofa a duk faɗin duniya, ba ruwansu da ko banki ne a bayanta ko waƙar niƙa. Aka bar VPN a wurinsa. Aka sake wa gidan ma'aji lambobi, aka koma wani jeri mai farawa da 10 wanda ba kasafai akwatunan kasuwa ke zuwa da shi ba. Aka kuma sa saurayin ya rubuta tambayoyin nan da Hausa, bi da bi, tun daga kuɗin intanet har zuwa girman ƙulli, a littafi mai bango aka ajiye kusa da na'urar, kowa kuma ya sami kwafi. Abin mamaki ne a ce ƙungiyar da aka kafa don kada ilimi ya tafi da mai shi ta yi shekara huɗu mabuɗin rumbunta yana cikin kan mutum ɗaya a Agadas. Zuwan Starlink Nijar a 2025 ya ƙara wa wasu ƴan ƙungiya saurin hanya, amma bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi ba: agogo, lamba da izini suna nan inda suke.

Saura matsala guda da binciken ya tono, kuma ita ta fi tayar da jijiyar wuya. Malamin ya lura cewa wasu fayiloli suna cikin RUMBU amma nema ba ya fito da su. Da aka duba, sai aka ga tsofaffin da aka juyo ta wata tsohuwar manhajar matse fayiloli ne, wadda ba ta san baƙaƙe masu lanƙwasa ba. Baƙaƙen ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna da gurbinsu a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma tsofaffin jerin haruffan Turai ta Yamma ba su ƙunshe su ba, saboda haka duk sunan da ya bi ta can sai ya fito da rauni: wani harafin ya koma ɗan layi, wani ya koma tarkacen alamomi. Saurayin, ta waya, ya ce mafi sauƙi a daina sa lanƙwasa a sunan fayil. Malaman Hausa suka yi masa ca. Wani dattijo ya tambaye shi, "Ɗana, jakar da aka rubuta wa 'waƙoƙin baki', na baki ne ko na baƙi?" Mutanen da suka yi shekaru suna jan kunnen ɗalibai a kan ƙa'idar rubutun da gwamnati ta tsayar a 1999 ba za su sauke ta don jin daɗin na'ura ba, balle daga baya, a Maris na 2025, da aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Aka tsaya a kan cewa kowane fayil zai ɗauki lamba da shekara a gaba, sannan cikakken sunansa da lanƙwasarsa, kuma ba za a ƙara bi da komai ta tsohuwar manhajar ba.

Waɗanda suka riga suka lalace kuwa, babu dabara sai a buɗe su ɗaya-ɗaya a saurara a maido musu da suna. Malamar Jiratawa ce ta ɗauki aikin. Tana yin sa da yamma bayan ta tashi daga makaranta, a ranakun da wuta ta zauna, wutar da ita ce kuma ke tayar da injinan ban ruwan gonakin zogalen garin. Ta gama da ɓ cikin damina, ta shiga ɗ da kaka. Ta bar ƙ ƙarshe, domin kusan kowane suna a jakar sauti da "waƙa" ya fara.